Banaras da Hunturu: Idan Ganga Ta Janye, Me Take Bari a Fili?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Banaras, birnin ibadar mabiya Hindu a Indiya, da matakalan dutse masu gangarowa daga gindin gidaje har cikin ruwa, da kwalekwale yana ratsa hazo da asuba, to hoton lokacin sanyi ya gani. Da damina babu wannan birnin. Daga Yuli zuwa Satumba kogin Ganga yakan cika ya yi ta haɗiye matakalan ɗaya bayan ɗaya, hukuma ta hana kwalekwale fita, a kwashe bikin fitilun yamma a kai shi saman soro, masu ƙona gawa su haura tudu ko su koma cikin lungu. Ma'aunin haɗari a birnin mita 71.26 ne daga matakin teku, kuma a 1978 ruwan ya kai mita 73.90, cikar da ba a sake ganin irinta ba. Sai wajen Oktoba yake janyewa, ya bar laka jibge a kan dutse, a zo da injin feshi a yi ta wanki. Da bazara kuwa, a Mayu da Yuni, zafi yakan kai digiri 45, dutsen ya zama ba ya takuwa sai da takalmi. Abin da ya rage wa baƙo bai wuce wata huɗu ko biyar ba, daga Nuwamba zuwa farkon Maris.

Shi ya sa nake ganin ba za a gane ziyarar Banaras ba sai an fara da yanayi. Sanyi ne yake buɗe birnin, kuma shi ne yake tona abin da ke cikinsa. A 'yan watannin nan mai ibada da ɗan yawon buɗe ido da ɗan siyasa da matuƙin kwalekwale suke cunkushewa a gaɓa ɗaya mai tsawon kimanin kilomita 7, kowa da abin da ya kawo shi, kowa kuma yana ganin wurin nasa ne.

Birnin yana jihar Uttar Pradesh a arewacin Indiya, kuma sunansa uku. Masu ibada suna cewa Kashi, wato birnin haske. 'Yan gari da 'yan kasuwa suna cewa Banaras. Hukuma kuwa tun 1956 take rubuta Baranasi, sunan da ake dangantawa da ƙoramu biyu da suka sa garin a tsakiya, Baruna daga arewa da Assi daga kudu. Ganga, mai tsawon kilomita 2,525, gabas take nufa zuwa tekun Bengal, amma da ta iso nan sai ta yi gwiwa ta fuskanci arewa, inda duwatsun Himalaya da ta fito suke. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar wannan juyi a matsayin alamar falala. Akwai kuma dalili na ƙasa da ya zaunar da garin inda yake: gaɓar yamma tudu ce mai tauri, ta gabas kuwa yashi ne da ke nutsewa duk damina, don haka ba a gina ta ba. Mutumin da ya tsaya cikin ruwa da safe yana kallon gabas babu ginin da zai shiga tsakaninsa da fitowar rana. Tsarin ibadar safiyar garin duk a kan wannan aka ɗora shi.

Matakalan nan su ake kira gat, kuma lissafin da aka fi ambata shi ne 84. Garin kansa tsoho ne ƙwarai, masu tonon kayan tarihi sun gano alamun zama a Rajgat tun ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Amma dutsen da baƙo yake takawa ba shi da waɗannan shekarun. Yawancinsa ginin ƙarni na 18 ne da na 19, lokacin da daular Mugal ta raunana, sarakunan Marata da na Rajput suka yi ta tsere wajen gina masauki a bakin kogin. Sunayen ma sun faɗa: gat na Sindiya, na Bonsale, na Ahilyabai, na Darbanga, duk sunayen sarakuna ne ko gidajen sarauta daga garuruwa masu nisa. Tun asali ke nan gaɓar ta zama wurin da mai mulki yake zuwa ya kafa sunansa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a zamaninmu.

Da asubar Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, wani lokaci har 5. Hazon can ba irin bujinmu ba ne mai ƙura da tsaga leɓe. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana kwanciya a kan ruwa kamar auduga, yana shiga bargo ya sa shi nauyi. A cikin wannan sanyin ne tsofaffi maza da mata suke kwance mayafi su shiga kogi, su nutsa, su ɗebi ruwa da tafin hannu biyu su ɗaga wa rana su zubar, sannan su cika 'yar butar tagulla su haura da ita zuwa haikali. Wahalar sanyin ba cikas ba ce a wurinsu, tana cikin abin da ake neman lada da shi, kuma wankan watannin Kartik da Mag yana da daraja ta musamman a kalandarsu. A kan matakalan akwai limamai da ake kira panda zaune ƙarƙashin manyan lemomin kara. Aikinsu yana kama da na mutawwifin da alhazan da suka sani: su karɓi baƙo, su faɗa masa abin da zai karanta, su kula masa da kaya, wasu ma suna da littattafan da ke ɗauke da sunayen iyalan da suka sauka a hannun kakanninsu. A kan ruwa kuma ga matuƙa kwalekwale, 'yan ƙabilar Malla, waɗanda abincin shekararsu a waɗannan watanni suke haɗa shi. Tsuntsayen teku farare da ke gudo wa ƙanƙarar arewacin Asiya suna sauka daga Nuwamba, matuƙan su yi ta kiransu da “aao, aao”, wato zo, zo, fasinja yana watsa musu soyayyen garin wake.

Abin da baƙo ya fi tafiya da labarinsa shi ne bikin yamma a gat na Dashashwamed, inda samarin limamai cikin tufafi iri ɗaya suke jere a kan dakali suna juya manyan fitilu masu hawa-hawa, ana kaɗa ƙararrawa, ana busa katantanwa, turaren wuta yana tashi, ɗaruruwan kwalekwale sun yi cincirindo a gabansu. Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san wannan hoton. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan siffa tasa bikin bai girmi shekarun 1990 ba. Haka ma Deb Dipawali, daren cikar watan Kartik, kwana 15 bayan Diwali, da ake jera fitilun aci-balbal kusan miliyan guda a kan matakalan: girmansa na yanzu daga shekarun 1980 ya faro. Taron kiɗa da addu'ar asuba na gat ɗin Assi kuwa a 2014 aka ƙirƙire shi. Ban faɗi wannan don in rage musu daraja ba. Miƙa wuta ga abin bauta tsohuwar ibada ce a wurin mabiya Hindu, kuma masu hawaye a wurin da gaske suke yi. Amma an tsara sabon salon ne domin a kalla, ya kuma jawo otal-otal da jiragen shaƙatawa da masu ɗaukar hoto, har ta kai a daren Deb Dipawali kuɗin kwalekwale yakan fi ƙarfin talakan da ya zo daga ƙauye da ƙunshin garinsa.

A tsakiyar Janairu, ranar 14 ko 15, ake Makar Sankranti, ranar wanka da sadakar riɗi da mazarƙwaila da barguna. A lokacin ne kuma ake taron shekara-shekara a Prayagraj, mahaɗar Ganga da Yamuna, kilomita 120 daga Banaras, kuma mafi yawan masu zuwa can sukan ƙaraso nan. A babban taron Kumb na 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025, wanda gwamnatin jihar ta ce ya tara fiye da mutum miliyan 660, turmutsutsun ranar 29 ga Janairu ya kashe mutum 30 a ƙidayar hukuma. Ambaliyar mutanen ta kwararo Banaras har aka rufe makarantun yara a cikin gari, aka kuma taƙaita bikin yamma na wasu kwanaki.

Sai mutuwa, wadda a nan ba a ɓoye ta. Gat biyu ne ake ƙona gawa, Manikarnika da Harishcandra, kuma wutar Manikarnika ba ta mutuwa dare da rana. Ga Bahaushe, wanda ya saba a wanke mamaci a yi masa sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta yi nisa, wannan shi ne wuri mafi wuyar kallo, kuma shi ya fi buƙatar bayani. Mabiya Hindu sun yi imani rai yana ta dawowa duniya a jiki bayan jiki gwargwadon aikinsa, kuma babban buri shi ne moksha, wato a kuɓuta daga wannan zagaye gaba ɗaya. Suna cewa wanda ya mutu a Kashi ya kuɓuta, domin Shiba, ubangijin birnin a aƙidarsu, yana raɗa masa kalmar tsira a kunne. Don haka akwai gidajen jiran mutuwa, kamar Mukti Bawan da aka buɗe a 1958, inda ake ba mai jinya kimanin mako biyu, idan ajali bai zo ba a nemi iyalinsa su mayar da shi gida. Ba kowa ne ya yarda da haka ba ko a cikin garin. Kabir, mawaƙin nan ɗan gidan masaƙa Musulmi da ya rayu a Banaras a ƙarni na 15, da gangan ya tafi Magahar ya mutu a can, garin da ake cewa mutuwarsa asara ce, don ya nuna ba wuri ne ke ceton mutum ba.

Ana ratso lunguna da gawa a kan makarar gora, an lulluɓe ta da yadi mai ƙyalli, masu ɗauka suna maimaita “Ram nam satya hai”, ma'ana sunan Ram gaskiya ne. A tsoma ta a kogi, a ɗora a kan itacen da aka auna da sikeli aka biya, babban ɗa da aka yi wa aski ya ɗaura farin yadi ya zagaya ya kunna wuta. Ba a kururuwa. Wutar kuwa ba ashana ake ƙyastawa ba, sai an karɓo ta daga hannun 'yan Dom, mutanen da tsarin ajin haihuwa ya ajiye a can ƙasa, waɗanda a da ko taɓa su ba a yi. Attajiri da Barahmin, wato 'yan ajin limamai da ke can sama, duk sai sun bi ta hannunsu a ranar ƙarshe, amma 'ya'yansu suna tashi cikin hayaƙi da ƙyamar jama'a. A 2019 shugabansu yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar takarar firaminista Narendra Modi, wanda yake wakiltar Banaras a majalisa tun 2014. Girmamawa ce da aka yi ta yayatawa, sai dai ba ta sauya sana'ar da ake gadar wa yaran ba. Akwai injin ƙonawa na lantarki a Harishcandra tun ƙarshen shekarun 1980, ya fi arha nesa ba kusa ba, amma iyalai da dama suna ganin rage wa mamaci haƙƙinsa ne. Baƙon da ya je wurin ya ajiye waya a aljihu. Makoki ake yi, kuma ɗaukar hoto cin fuska ne.

Mutane da yawa suna zaton toka da furanni ne suka ɓata Ganga. Ba su ba ne babban abin. Babban abin shi ne ruwan masai da na kwata daga garuruwan da ke bakinta, sai dagwalon masana'antu, musamman majemun Kanpur da ke sama da Banaras, matsalar da mutanen Kano suka san irinta a kogin Challawa. Ƙoramar Assi, wadda rabin sunan birnin daga gare ta ya fito, yau lambatu ce. Sanyi kuma yana ƙara tsananta lamarin: ba ruwan sama, ƙanƙarar duwatsu ba ta narkewa, ga madatsar Tehri ta riƙe, ga magudanan ban-ruwa a Haridwar da Narora sun janye kaso mai yawa. Ruwan da zai tsarma ƙazantar ya ragu a daidai lokacin da masu wanka suka fi yawa.

A nan ne mai karatu Bahaushe yake da abin da zai gane fiye da Bature, domin harshenmu ya raba tsarki da tsafta. Riga tana iya yin dauɗa ta kasance mai tsarki, tana iya yin fes kuma da najasa a jikinta. Mabiya Hindu ma suna da wannan rabon. Bambancin shi ne, a fiƙihun da muka karanta ruwa yana rasa hukuncinsa idan najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. A wurinsu kuwa Ganga uwa ce kuma abar bauta, tsarkinta daga zatinta yake, ba abin da zai shiga ya kore shi. Za su yarda ta yi datti, ba za su yarda ta ƙazantu ba. Wannan ne ya sa shekara da shekaru gargaɗin likitoci yake shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu: mai gargaɗin yana maganar ƙwayoyin cuta, mai sauraro yana jin ana zagin uwarsa.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan shi ne Bir Badra Mishra, babban limamin haikalin Sankat Mocan kuma farfesan injiniyan ruwa a Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa a 1916. Yana wanka a kogin don ibada, yana kuma auna ƙwayoyin cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji. A 1982 ya kafa gidauniyar Sankat Mocan, ya daina ce wa mutane ruwan ya ɓaci, ya koma nuna musu cewa uwarsu ba ta da lafiya kuma su ne masu zuba mata ƙazanta. Ya rasu a 2013. A ganina hanyarsa ita ce daidai, kuma darasinta ya wuce Indiya: ba a gyara ɗabi'ar masu imani ta hanyar raina imaninsu.

Gwamnati ta gwada nata. Firaminista Rajib Gandi ya ƙaddamar da shirin tsabtace Ganga a bakin wannan kogin a Yunin 1986. An gina matatun dagwalo masu dogaro da lantarki a jihar da ake yawan ɗauke wuta, wuta na tafiya famfo ya tsaya, kwata ta koma hanyarta ta da. Shirin Namami Gange na gwamnatin Modi ya zo da kasafin rupi biliyan 200, aka ƙara matatu, ciki har da ta Dinapur mai tace lita miliyan 140 a rana da aka buɗe a 2018. An samu ci gaba na gaske, matakalan ma sun fi da tsafta. Amma ƙa'idar Indiya ta ce ruwan wanka kada ƙwayoyin bahaya su wuce 2,500 a cikin mililita 100, kuma a Fabrairun 2025 hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasa ta shaida wa kotun muhalli cewa wurare da dama a Prayagraj sun haura wannan a lokacin taron Kumb. Babban ministan jihar, Yogi Adityanat, ya musanta, ya ce ruwan ya dace da wanka har da kurɓa. Ita dai gwamnatin ce take rufe majemun Kanpur ta kuma saki ƙarin ruwa daga madatsu duk lokacin da babban wanka ya gabato. Wanda ya yi haka ya san inda ciwon yake.

Iskar ma ba ta tsira ba. Da sanyi, iska mai sanyi takan danne a ƙasa ta hana hayaƙi tashi a duk faɗin kwarin Ganga, hayaƙin motoci da na bulo da na wutar jin ɗumi su gauraya da hazo, jiragen ƙasa su yi lattin sa'o'i, na sama a soke su. Wani ɓangare na farin lulluɓin nan da ke ƙawata hoto, huhu ne yake biyan kuɗinsa.

Daga bakin ruwa ake haurawa haikalai. Al'adar gari ita ce a fara gaida Kal Bairab, wanda suke kira kotwal, wato ɗan dokan birnin. Akwai Annapurna mai ciyarwa, akwai jan haikalin Durga da birrai suka mamaye, akwai Sankat Mocan na Hanuman da ke cika ranakun Talata da Asabar, inda bam ya tashi a Maris 2006. Amma zuciyar ziyarar ita ce Kashi Bishwanat, ɗaya daga cikin wurare 12 mafiya daraja na bautar Shiba. Mutum yakan yi sa'o'i a layi ba takalmi a kan dutse mai sanyi, ba waya ba jaka, domin 'yan daƙiƙu a gaban wani baƙin dutse da ake zuba wa ruwa da madara da ganyen bel. Suna kiran wannan darshan, ka ga abin bautarka shi ma ya gan ka. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba sai ya nuna fasfo.

Tarihin wannan wuri ne mafi nauyi, kuma ya shafe mu Musulmi kai tsaye, don haka gara a faɗe shi yadda yake. An gina babban haikali a nan a zamanin sarki Akbar na daular Mugal ta Musulmi, wajen 1585, da tallafin waziransa Hindu. A 1659 sarki Aurangzeb na wannan daula ya fitar da takardar umarni cewa kada a takura wa Barahmin na Banaras ko tsofaffin wuraren bautarsu. Shekara 10 bayan haka, a 1669, shi ɗin dai ya sa aka rushe haikalin, aka gina masallacin Gyanbapi a kan harsashinsa, kuma har yau bangon yamma na masallacin yana ɗauke da sassaƙen tsohon ginin. Haikalin yanzu sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indor ce ta gina shi a gefe a 1780, sarkin Sikh na Punjab, Ranjit Singh, ya lulluɓe ƙubbarsa da zinariya a shekarun 1830. Tun daga nan gine-ginen biyu suke kafaɗa da kafaɗa, lunguna da gidaje sun rufe su.

A Maris 2019 aka fara aikin da ya sauya wannan. An saye aka rushe gidaje da shaguna kimanin 300, aka buɗe fili mai faɗi daga haikalin har bakin kogi, Modi ya buɗe shi ranar 13 ga Disamba 2021. Hukumar haikalin ta ce fiye da mutum miliyan 70 suka ziyarta a shekarar farko. Ba zan ƙi faɗin alherinsa ba: tsohuwar da a da ake matse ta a lungun da mutum biyu ba sa gilmawa, yanzu tana da inuwa da ruwan sha da bayan gida. Amma unguwa ce mai rai aka ɗauke, da iyalan da suka yi ƙarnoni a wurin da ƙananan wuraren bauta na cikin gidaje, kuma cikin masu kukan har da limaman Hindu. Sarakunan ƙarni na 18 sun kafa sunansu da matakala, mai mulkin yau ya kafa nasa da fili. Sannan rushe gidajen ya bar masallacin tsaye shi kaɗai a bayan shingen ƙarfe, a idon miliyoyin mutanen da ake gaya wa cewa wurinsu ne aka ƙwace.

A 1991 majalisar Indiya ta yi doka cewa kowane wurin ibada zai zauna a matsayin da yake ranar 15 ga Agusta 1947, in ban da na Ayodya. Masallacin Babri na Ayodya an rushe shi ranar 6 ga Disamba 1992, kotun ƙoli ta ba wa Hindu filin a 2019, aka buɗe haikalin Ram a Janairun 2024. Gyanbapi dai yana ƙarƙashin dokar 1991, amma a 2021 wasu mata biyar suka nemi kotu ta ba su izinin bauta a jikin bangonsa. Binciken Mayun 2022 ya gano wani dutse a wurin alwala, masu ƙara suka ce alamar Shiba ce, kwamitin masallaci ya ce mafesar ruwa ce, aka rufe wurin. Hukumar kayan tarihi ta ƙasa ta yi nata binciken ta ce akwai babban haikali kafin masallacin. Ranar 31 ga Janairu 2024 kotun gunduma ta ba da izinin bauta a wani ɗakin ƙasa na ginin, aka fara cikin daren. Sai a Disambar 2024 kotun ƙoli ta dakatar da karɓar sababbin ƙararraki irin wannan da ba da umarnin bincike, har ta duba dokar 1991 ɗin kanta.

Ra'ayina shi ne musanta abin da ya faru a 1669 ba zai taimaki Musulmin Indiya ba, bango yana nan ido na gani. Amma masaƙin da ke sallah a wurin yau ba shi ne ya ba da umarnin ba, kuma ƙasar da ta ce za ta warware kowace ƙullalliyar ƙarni na 17 da hannun kotun gunduma ta buɗe ƙofar da ba ta da marufi. Dokar 1991 ba ta ce ba a yi zalunci a da ba. Cewa ta yi a tsaya a nan.

Musulmi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Su ne mafi yawan masaƙan sarin alharini na Banaras a unguwanni irin su Madanpura, kuma sanyi shi ne kakar aurarrakin Hindu, don haka amaryar da ta zo neman albarka a haikali, abin da ke jikinta sau da yawa daga hannun Musulmi ya fito. Bismillah Khan, mai busa shahnai, 'yar uwar algaitarmu, Musulmi ne mai riƙo da sallah da ya koyi busa a haikalin bakin kogin nan, ya samu lambar girma mafi daraja ta Indiya a 2001, ya rasu a 2006 bai yarda ya bar garin ba. 'Yan Banaras suna kwatanta zamansu da zaren tsaye da na kwance a masaƙa. Baƙon da ya sauka daga mota ya bi sabon filin ya koma otal ba zai ga wannan ba, sai wanda ya kutsa lungunan Cauk da safe, inda ake sayar da malaiyo, kumfar madara da ake kwanar da ita a raɓa a kaɗa da za'afaran a zuba a ƙaramin kasko. Da sanyi kaɗai ake yin ta, kuma rana na ɗagawa take kwantawa.

Kakar ziyara tana rufewa da Maha Shibaratri, babban daren Shiba, a Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da layin masu shiga haikali yake miƙewa har cikin titunan gari. A 2024 ya faɗo ranar 8 ga Maris, mako biyar bayan buɗe ɗakin ƙasan nan, kuma ranar Juma'a ce. Masu ɗauke da butar ruwan Ganga da masu zuwa sallah da hula a kai, ta gaban shingen 'yan sanda ɗaya suka bi, a ƙofa ta 4 ta harabar haikalin.